Daga Tawa zuwa Zanzibar: yadda muka zaɓi masauki a bakin teku

Tun da muka dawo daga Zanzibar ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a waya daga Yamai da Ƙonni: nawa kuka kashe, a wane otal kuka sauka, yaya aka yi da biza? Amsar ba ta yiwuwa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna in rubuta ta tun daga tushe, don mai niyya kada ya faɗa ramin da muka faɗa. Ni ungozoma ce a nan Tawa, shekara 22 ina karɓar haihuwa. Maigidana ɗan kasuwa ne, albasar Galmi yake lodi zuwa kudu. Ba mu taɓa fita waje don hutu kawai ba. Da hawan jini ya kwantar da ni sati biyu, likita ya ce in ba jikina haƙƙinsa, sai Alhaji ya ce, "Hajiya, zaɓi inda ranki ke so, in dai bai fi ƙarfinmu ba." Na ce teku nake so. Babban ruwan da na sani shi ne tabkin Tabalak, sai kogin Isa in na je Yamai. Teku kuwa sau ɗaya na hango shi, ta tagar mota a Jidda lokacin da muka je Umra.

A cikin azumin 2025 na fara bincike, bayan asham, da waya a hannu. Tsibirai uku suka tsaya mini. Maldibas ƙasar Musulmi ce, kuma a filin jirgi ake buga wa baƙo izinin shiga na kwana 30 kyauta, amma manyan masaukansu kowanne da tsibirinsa, sai an ƙara biyan jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama kafin a kai, kuɗin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Kap-Ber tana nan yammacinmu, amma na karanta cewa tsibirin Sal busasshe ne mai yawan iska, ni kuwa wadda ta tashi a Adar ba ƙasa mai fari da iska nake marmari ba. Zanzibar ce ta kwanta mini. Yanki ne na Tanzaniya a tekun Indiya, tun haɗewarta da Tanganyika a 1964, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ga masallatai, ga abincin da mutum zai ci hankali kwance. Daga Yamai kuma sauka ɗaya ce a Addis Ababa. Babban tsibirin da baƙi ke zuwa sunansa Unguja, ɗayan kuma Pemba.

Da so samu ne, a watan Afrilu za mu tafi, lokacin da zafin Tawa ke hana barci ko a tsakar gida. Ashe lokacin ne babbar daminarsu, daga Maris zuwa Mayu, wadda suke kira masika. Shi ya sa farashin ɗakuna ke faɗuwa warwas a watannin, wanda bai sani ba sai ya ɗauka garaɓasa ya samu. Akwai kuma ƙaramar damina wajen Nuwamba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, babu ruwa sosai, zafi da sauƙi. Muka tsayar da ƙarshen Yuni, bayan Sallar Layya.

A nan na yi kuskuren farko. Na ga hoton wani ƙaramin otal a ƙauyen Jambiani, a gabashin tsibirin: farin yashi, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi har gindin matakala. Kwana uku ina komawa kan hoton nan. Shafin ya nuna farashi biyu na ɗaki ɗaya, mai sauƙi wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa, da mai ɗan tsada wanda ake iya sokewa. Na zaɓi mai sauƙin, na ce ai tafiya ba fashi. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya biya kafin alƙalami da katinsa na banki, kashi 30 cikin ɗari na kwana bakwai, na mayar masa da kuɗinsa. Ban ko duba fasfo ɗina ba tukuna. Da na ciro shi daga akwati sai na ga saura wata huɗu ya mutu, alhali ana son ya kasance da sauran aƙalla wata shida ranar da za a shiga ƙasar.

Farkon Mayu na hau motar asuba zuwa Yamai, kilomita wajen 550 ta Dogon Dutsi da Doso, na isa gab da magariba ƙafafuna sun kumbura. Washegari na kai tsohon fasfo da takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa, na biya, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka ce in dawo. Tunda ina gari, na ce bari in sayi tikiti gaba ɗaya. Na shiga wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, na zauna gaban wata matashiya, na ce tikiti biyu zuwa Zanzibar. Ta fara dannawa, sai ta tsaya ta ce, "Hajiya, bizar ta fito?" Na ce ai na karanta a filin jirgi ake bugawa. Ta girgiza kai ta ce, "Wannan na wasu ƙasashe ne, ban da mu. Nijar tana cikin ƙasashen da sai an aika takardunsu hedikwatar shige da fice ta Tanzaniya an duba an amince, kamar Najeriya da Mali da Cadi." Ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta fassara mini abin da hukumar ta rubuta da kanta: a nemi bizar aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a sayi tikiti ko a biya masauki sai an samu amincewa. Gabana ya faɗi. Na lissafa a zuci, ko yau na nema da ƙyar ta riski ƙarshen Yuni, ga shi fasfon ma bai fito ba. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, da ta so ciniki kawai da ta sayar mini da tikitin ta yi shiru. Abin da ta yi shi ne ta buga mini takardar ajiye kujera wadda ba a biya ba, ta ce in haɗa da takardun neman biza.

Fasfo ya fito bayan sati biyu. Neman bizar ta intanet ake yi, a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, da Turancin Ingilishi, don haka ɗan yayata ne ya zauna ya cike mana. Abin da aka nema: hoton shafin farko na fasfo, hoton fuska, takardar tikitin zuwa da dawowa, sunan masauki da adireshinsa. Kuɗin dalar Amurka 50 ne kowane mutum, kusan jaka 30 na sefa kenan a lokacin. In na ce dala a nan ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, domin wata abokiyar aikina ta taɓa fahimtata a baibai. A ƙarshe ana ba mutum lambar shaida, da ita ake duba inda takarda ta kwana. Ku rubuta ta a takarda ku adana. Ku kuma kula da shafukan bogi masu kama da na hukuma, waɗanda ke karɓar ninki biyu.

Jira shi ne mafi wuya. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na kira yaron, ya ce, "Inna, har yanzu ana dubawa." Sati biyu, sati huɗu, Layya ta zo ta wuce. Babu ofishin da zan je in tsaya a gaban wani in tambaya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, mu da muka saba in abu ya tsaya a tashi a je a ga mutum. Ranar da aka sa mana ta shiga otal ta zo, ni ina ɗakin haihuwa ina aiki. Alhaji bai taɓa ce mini ga laifinki ba, abin da yake cewa kawai, "Hajiya, in da rabo za mu je." Kafin ranar na sa an rubuta wa otal ɗin imel har sau uku. Suka ce kuɗi ba ya dawowa, haka sharaɗin yake, kuma gaskiyarsu ne, ni na amince da shi. Daga baya suka yarda a ɗaga ranar sau ɗaya, muka mayar da ita ƙarshen Agusta. Bizar ta fito farkon Yuli, bayan kusan sati bakwai, tawa da safe, ta Alhaji bayan kwana biyu. Muka buga ta a takarda, kwafi bibbiyu.

Sai sauran takardu, waɗanda ba su ba mu wahala ba. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Nawa yana nan, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Na Alhaji ya ɓata, sai da ya sake, kuma ku sani katin ba ya aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Sai inshorar da Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kowane mutum, ana saye ta intanet a wurin kamfanin inshora na gwamnatinsu, ko da mutum yana da wata inshorar. Tikitin ya ci mana kusan jaka 700 kowannenmu. Na kuma buɗe katin banki irin wanda ake zuba wa kuɗi, don kada in riƙa ɗora wa yaro nauyi.

Zaɓen masauki karo na biyu na yi shi da idon basira. Kuɗin da na riga na biya ya tashi kwana biyu kacal a farashin ƙarshen Agusta, don lokacin cikar baƙi ne, muka ƙara ɗaya ya zama uku a Jambiani. Sauran kwana huɗu na ce sai na yi tambaya. Na daina kallon hotunan da otal ya sa, na koma kan waɗanda baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, na kuma fi karanta ƙorafi a kan yabo. A nan na ga wata Bafaranshiya tana kukan cewa rabin yini babu ruwan wanka a gabas, wasu kuma suna cewa a arewa, Nungwi da Kendwa, ana shiga ruwa kowane lokaci. Ban gane girman maganar ba, amma na ce bari mu raba ƙafa. Kendwa na bar ta, don ta yi suna da kiɗan dare in wata ya cika. Na tura wa otal uku na Nungwi tambayoyi iri ɗaya ta WhatsApp: ɗakin yana kallon teku ne ko lambu, taku nawa ne zuwa ruwa, akwai matakala da yawa, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, mashaya tana kusa da ɗakin, akwai masallaci a kusa, mace za ta iya shiga wurin wanka da suturarta? Ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya aiko da farashi kawai, na ukun ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har da ɗan bidiyo daga ƙofar ɗaki zuwa bakin ruwa. Shi na ɗauka, a farashin da ake iya sokewa.

Maganar abinci ma tana da muhimmanci. Akwai kwana da karin kumallo kawai, akwai mai haɗe da abincin dare, akwai wanda suke cewa komai a ciki. Wannan na ƙarshen yana da daɗin ji, amma babban abin da ke ɗaga kuɗinsa shi ne giya, wanda ba ya sha kuwa ya biya wa wasu ne. Mun ɗauki mai karin kumallo da abincin dare, da rana mu nemi namu a gari. Akwai kuma harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa ba ya cikin farashin da ke shafi, sai ranar fita a miƙo shi. Ku tambaya tun da wuri, haka ma kuɗin motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi.

Mun tashi daga filin jirgin Diori Hamani, tun a nan aka nemi ganin bizar kafin a karɓi kayanmu. Muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka a filin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. An duba katin shawara, an duba inshora, aka buga fasfo, duka bai kai awa ɗaya ba. Na canza kuɗi zuwa shilin ɗin Tanzaniya. Sefa ba ta da amfani a can, yuro muka riƙe daga gida. Direba yana jiranmu da allo, ya bi hannun hagu da mu, fiye da awa ɗaya zuwa Jambiani. Gajiya ta sa ban ga komai ba, muka yi sallolin da ake binmu muka kwanta. Cikin dare wajen asuba na farka ina jin ruwa yana dukan katanga, fuu, fuu, kamar ana sheƙa gero.

Barci ya sake ɗauke ni bayan sallah, ban fito ba sai wajen ƙarfe goma. Na sa doguwar rigar wankan da na ɗinka, na ɗaura ɗankwali, na sauka matakala. Babu teku. Farin fili ne shimfiɗe har iyakar gani, jiƙaƙƙe, da ƴan kududdufai nan da can, kwalekwale na kwance a gefensu a kan yashi, can nesa sai wani farin layi inda ruwa ke fashewa. Na tsaya riƙe da takalmina, hawaye suka cika mini ido. Na tuna motar asuba, da sati bakwai na jira, da kuɗin Alhaji. Ya zo ya tsaya bayana ya ce, "Ikon Allah. To ina ya tafi?"

Wani ma'aikacin otal ya kai mu gaban wani allo da ake rubuta lokutan ruwa da alli. Ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa. In wata ya tsaya sabo ko ya cika, ruwan ya fi cika kuma ya fi janyewa, mu kuwa mun iso daidai tsayuwar Rabi'ul Awwal. Gabar gabas a kwance take kamar faifai har zuwa duwatsun murjani, shi ya sa in ya tafi yake yin nisa haka. Ma'aikacin ya ce mu dawo da la'asar.

Ban koma ɗaki ba. Na hango mata cikin atamfarsu da suke kira kanga, sun duƙa a cikin ruwa iya idon sawu, na taka zuwa wurinsu. Gona ce. Turaku ne a jere da igiyoyi a tsakani, an ɗaɗɗaura ciyawar teku a jiki, wadda suke kira mwani, suna girbe ta su shanya su sayar. Wata dattijuwa ta amsa sallamata, ta kama hannuna ta nuna mini inda zan taka, don akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a cikin ramukan. Ta miƙo mini guntun igiya ta nuna yadda ake ƙullawa. Ba na jin Suwahili, ba ta jin Hausa, amma da na tambayi shekarunta da yatsu ta ce hamsini, na ce hamsin, muka yi dariya. Ishirini, thelathini, arobaini, duk namu ne da ɗan bambanci. Na fi awa ɗaya a wurin. Da la'asar ruwan ya dawo har gindin matakala kamar yadda hoton ya nuna, mai ɗumi, na shiga har ƙirji Alhaji na riƙe da hannuna. Daren nan na yi barcin da na manta rabona da shi.

Nungwi daban ce. Tana can ƙuryar arewa, tafiyar kusan awa biyu daga Jambiani. Gaskiya ne, ruwa ba ya gudu, ko ya janye ana wanka, kuma rana a teku take faɗuwa, ba kamar gabas ba inda fitowarta ake gani. Alhaji ya ji daɗinta ƙwarai, kullum da safe yana wurin masu sassaƙa jiragen ruwa na katako, da yamma yana kasuwar kifi yana kallon ciniki, har ya samu abokan jam'i a masallaci. Amma akwai cinkoso. Da ka taka yashi masu talla sun taso, wannan yawon jirgin ruwa, wancan zane, kuma shigar wasu baƙi ba ta yi wa idona daɗi ba. Ɗakinmu dai yana nesa da kiɗa kamar yadda aka yi mana alkawari. Ranar ƙarshe muka biya ta tsohon gari, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, na sayi kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani na tsaraba.

In za a tambaye ni yanzu, tsarin da zan bi shi ne fasfo, sai biza, sai tikiti, sai masauki, kuma ba zan sake taɓa farashin da ba a sokewa ba komai arharsa. Mai fasfon Nijar ya fara shiri wata huɗu kafin tafiya. Kafin a zaɓi otal a zaɓi gefen tsibiri, kafin wannan kuma mutum ya tambayi kansa me yake kira hutu. Mai son wanka kowane lokaci da ganin jama'a ya nufi arewa. Mai son shiru ya nufi gabas, amma ya duba jadawalin ruwa na kwanakin da zai yi, ana samunsa a intanet, ya kuma riƙe takalmin roba na shiga ruwa. Paje da ke kusa da Jambiani ta fi dacewa da matasa masu wasan iska a kan ruwa. A riƙe buta da sallaya, da mahaɗin caji mai baki uku irin na Ingila don namu mai baki biyu ba ya shiga, kuma kada a zuba kaya a leda, an hana ta a ƙasar. Wanda bai saba da abinci mai kwakwa ba ya ɗauki yajinsa, namu ya yi mana rana.

Har yau ni da Alhaji ba mu daidaita ba, shi yana cewa in Allah ya sake nufa Nungwi za mu, ni ina cewa Jambiani. Guntun igiyar da dattijuwar nan ta ba ni yana cikin aljihun jakar da nake zuwa aiki da ita.